Kakan surukata Bayahude ne da ya zo Amurka daga Rasha, ta ina zan fara nemo tarihinsa?

Tambaya: "Salamu alaikum Malam. Ni ɗan zangon Kumasi ne amma na daɗe a Bronx, matata ba'amurkiya ce. An ba 'yarmu aiki a makaranta ta rubuto asalin danginta, ɓangarena na jero mata kakanni ba tare da na duba takarda ba, amma da muka zo ɓangaren uwarta sai muka tsaya cak. Surukata tace kakanta Bayahude ne, ya zo daga Rasha yana saurayi wajen 1906, tela ne, kuma wai a tsibirin Ellis ma'aikata suka canza masa suna saboda sun kasa furta nasa. Garin kuma tace ta taɓa ji ana cewa Minsk. Abinda ya rage hoto ne guda ɗaya da wasu wasiƙu da ba mai iya karantawa. Mun buga sunan a shafin Ellis ba abinda ya fito. Akwai hanya ko mu haƙura?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ku haƙura, abinda kuke da shi a hannu yafi wanda yawancin mutane ke zuwa min da shi, ga tsohuwa mai rai da ta san mutumin ido da ido, ga hoto, ga wasiƙu. In na fahimce ka dai abu biyu ne suka ɓata muku, sunan da mutumin ya shigo jirgi da shi da kuma ainihin garin da aka haife shi, kuma duk wani abu da zaku gano nan gaba akan waɗannan biyun ya rataya. Matsalar ita ce kun fara daga inda ya kamata ku ƙare. Shafin intanet na Ellis, tsibirin Niyok da ake tantance baƙi masu shigowa Amurka a lokacin, ba nan ake farawa ba, daga kabari ake farawa a dinga ja da baya har a kai ga jirgi, daga jirgi a tsallaka can gida.

Wace Rasha ake nufi

Bari in fara da wannan dan in baka gane shi ba zaka yi ta nema a Mosko a banza. A daular Rasha ta lokacin ba a yarda Bayahude ya zauna inda yaga dama ba, tun 1791 zamanin sarauniya Katarina aka keɓe musu yankin yammacin daular kuma dokar bata faɗi ba sai 1917. Yankin nan a taswirar yau shine Lituweniya da Belarus da Moldoba da babban ɓangaren Yukren da wani sashe na Polan. Ƙidayar 1897 ta samu Yahudawa kusan miliyan 5 a daular, mafi yawansu a cikin wannan yankin, a ƙananan garuruwan kasuwa, suna ɗinki da ƙira da sayar da kayan koli da tuƙa keken doki, yarensu na gida kuma Yidish ne ba Rashanci ba. To kaga "Rasha" ɗin surukarka tabbas ba Rashar Putin bace.

Daga 1881 zuwa 1924 Yahudawan gabashin Turai sama da miliyan 2 suka shiga Amurka. Kowane gida ka tambaya zasu ce maka kisan gilla kakansu ya gudo wa, kuma an yi kisan ba ƙarya, bayan kashe sarki Alexander na biyu a 1881 an afka musu a garuruwan kudu, an yi na Kishinev a 1903 inda aka kashe mutum 49, an yi mafi muni a Oktoban 1905 musamman a Odesa, an kuma yi a Bialystok a Yunin 1906. Shekarar 1906 ɗin da surukarka ta ambata tana cikin shekarun da aka fi kwarara, sama da 150,000 suka shigo a cikinta kaɗai. Amma ni a ganina talauci da 'yan uwan da suka riga suka tafi sun fi kisan tura mutane, hujjata kuwa yankin arewa irin su Minsk da Vilna inda kisan bai yi yawa kamar kudu ba su suka fi fitar da mutane idan aka auna da yawan jama'arsu. Teloli sun yi wa garin yawa, ba a barinsu su mallaki gona, ga wa ko kawu a Niyok ya aiko da tikiti. Sai kuma aikin soja, wanda ga saurayi ɗan 17 ko 18 a 1906, yaƙi da Japan bai daɗe da ƙarewa ba, dalili ne babba. Ka riƙe wannan na soja dan zai dawo a maganar shekaru.

Maganar canza suna a Ellis

Nan ne zaka yi haƙuri ka bi surukarka a hankali, kar ka je ka ce mata Malam yace ƙarya ne. Labarin nan kusan kowane gida na da shi, amma yadda aikin ke tafiya a tsibirin bai bada damarsa ba. Jerin sunayen fasinjoji ba a Ellis ake rubuta shi ba, akawun kamfanin jirgi ne ke cike shi tun a tashar da aka taso, Hamburg ko Bremen ko Rotterdam ko Antwerp ko Liverpool, daga sunan da aka sayi tikiti da shi. Ma'aikacin Ellis takardar ce a gabansa, yana tambayarka yana duba ko amsarka ta dace da abinda ke rubuce, ba ya ba kowa takardar sabon suna. Kuma akwai tafintoci, Fiorello La Guardia da ya zama magajin garin Niyok daga baya ma tafinta ne a can daga 1907 zuwa 1910 kuma yana jin Yidish. Mutum wajen miliyan 12 suka bi ta wurin tsakanin 1892 da 1954, wajen 2 cikin 100 kawai aka mayar, yawanci saboda ciwon ido mai yaɗuwa ko tsoron zasu zama kaya a wuyan gwamnati.

To waye ya canza sunan? Shi da kansa, ko wansa da ya riga shi zuwa ya gajarta shi kuma ya bi sahu, ko mai gidan ɗinkin, ko malamar makarantar dare. A dokar Amurka mutum na iya fara amfani da sabon suna ba sai ya je kotu ba matuƙar ba damfara zai yi ba, shi yasa sau da yawa ba takarda. Wasu kuma a ranar karɓar takardar zama ɗan ƙasa alƙali ya tabbatar musu, wasu 'ya'yan ne suka canza a shekarun 1920 zuwa 1940 saboda da sunan Yahudawa a fom ɗin neman aiki ko jami'a ana ajiye shi gefe. Cewa "a Ellis aka canza mana" yafi daɗin faɗa wa jikoki akan cewa mun ɓoye ne dan mu samu aiki.

Sunan yanka ma haka. Mutum ɗaya zai iya samun guda uku, na Ibrananci da ake kiransa da shi a majami'a, na Yidish da uwarsa ke kiransa, da na Turanci da ya ɗauka a Amurka wanda yawanci harafin farko kawai suka haɗa. Moshe ya zama Morris ko Max, Hirsch ya zama Harry, Leib ya zama Louis, Yitzhak ya zama Isidore ko Irving, Chaya ta zama Ida ko Clara. Wanda ke jerin jirgi na Yidish ne kusan kullum, da rubutun akawu Bajamushe. Kun buga Harry wane, mutumin kuwa yana nan a matsayin Hersch da wani dogon sunan dangi, ta ina zai fito.

Ga yadda nake bi

Kafin komai ka zaunar da surukarka ka kunna rikodin a waya. Kar ka tambaye ta shekaru dan nan tsofaffi ke rikicewa, tambaye ta sunan wa aka sa mata, wa ke zuwa gidan ranar idinsu, wace unguwa, a ina aka binne shi. Tambayar sunan wa aka sa mata tana da nauyi, Yahudawan gabashin Turai basa sa wa jariri sunan mai rai, sai wanda ya rasu. Mu a wajenmu kakan na zaune za'a yi masa takwara a dinga ce wa yaron Abba ko Khalifa, su kuwa sai ƙasa ta rufe ido. Dan haka in kaga 'yan uwa uku duk sun haifi ɗa a tsakanin shekara biyu sun sa masa suna ɗaya, to wani dattijo ya rasu daf da lokacin, ka samu sunansa da kusan shekarar mutuwarsa ba tare da ka ga takarda ba.

Daga nan maƙabarta, kuma kai da ke Bronx kayi sa'a dan yawancin telolin nan a Queens ko Brooklyn ko New Jersey suke kwance, irin su Mount Hebron da Mount Zion da Montefiore, da yawansu ana iya neman suna a shafinsu ko a kira ofishin. Dutsen kabarin yana da rubutu biyu, na Turanci bai da wani amfani sosai, na Ibrananci kuwa zai baka sunansa na asali da sunan mahaifinsa, wane ɗan wane, ka samu tsatso ɗaya kenan kyauta. In an zana hannaye biyu a sama daga zuriyar limamansu yake, in buta ce Balawi ne, wato daga ƙabilar Lawi masu hidima wa limaman. Amma abinda mutane ke mantawa shine su ɗaga kai su dubi ƙofar shiga wannan sashen. Baƙin nan sun kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, suna tara kuɗi dan rashin lafiya da jana'iza, ƙungiyar ce ke sayen fili a maƙabarta ta rubuta sunan garinsu a jikin ginshiƙin ƙofa. Na taɓa yin aikin wasu da suka rantse kakansu ɗan Vilna ne, muka sha wahalar takardun Vilna ba ko alama, ashe sunan wani ƙaramin gari na nan a ƙofar sashen da suke zuwa ziyara duk shekara ba wanda ya taɓa karantawa. Ba dole bane ace garinsa ne, wani na matarsa ne, wani kuma abokin aiki ne ya shigar da shi ƙungiyar dan arha, amma hanya ce.

Wannan ne ya kawo mu Minsk. Minsk birni ne a Belarus ta yau kuma a lokacin sunan lardi ne guda mai faɗin gaske, a cikinsa akwai Pinsk da Slutsk da Bobruisk da Borisov da Mozyr da Novogrudok da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu barkatai. Mutum in ya yi nisa da gida babban suna yake kira. A cikin waɗanda suka ce min Minsk kaɗan ne suka tabbata 'yan cikin birnin.

Sai takardun Amurka. Ana sakin ƙidaya bayan shekara 72, dan haka ta 1910 da 1920 da 1930 da 1940 da 1950 duk suna buɗe, kyauta a shafin intanet na FamilySearch. Na 1910 zuwa 1930 suna tambayar shekarar shigowa da ko an zama ɗan ƙasa, jihar Niyok kuma tayi nata a 1915 da 1925. Ka kula da waɗanda aka rubuta 'yan haya a gidan, sau tari ƙanin matar ne ko ɗan garinsu. Takardar aure ta birnin Niyok na ɗauke da sunan uba da sunan gidan su uwa, kuma tun 2022 ma'ajiyar birnin ta sa tsofaffin a intanet kyauta. Katin rajistar soja na 1917 da 1918 da wanda aka yi wa dattawa a 1942 wani lokaci suna bada gari. Amma wadda nafi so ita ce takardar neman zama ɗan ƙasa, in bayan 27 ga Satumba 1906 aka yi ta, dan daga ranar aka maida fom ɗin iri ɗaya a duk ƙasar, akwai garin haihuwa, sunan jirgi, ranar isowa, sunan mata da 'ya'ya, kuma ga waɗanda suka iso bayan tsakiyar 1906 akwai 'yar takardar shaidar isowa da ke nuna sunan da aka shigo da shi. A nan ne tsohon suna da sabo ke haɗuwa a fayil ɗaya. Ta matar kuwa kar ka wahala in kafin 1922 mijin ya samu tasa, a inuwarsa take shiga ba ta da fayil.

Da sunan jirgi da rana a hannu sai ka koma shafin Ellis, ko mafi kyau ka yi amfani da shafin bincike na Steve Morse da ke barinka ka nema da sautin suna ko da gari kaɗai, in ta kama ma ka bi jerin layi layi da ido dan masu kwafe rubutun hannun sun yi ɓarna ba kaɗan ba. Jerin zai gaya maka inda ya zauna na ƙarshe, wa ya biya tikitin, dala nawa ke aljihunsa, wajen wa zai je da adireshin. Daga 1907 aka ƙara sunan ɗan uwa mafi kusa da ya bari a gida, in 1906 ɗin da gaske ne zai iya rasa wannan, amma ka nemo na ƙannensa da suka biyo baya. Kuma kar ka ɗauka dole ta Niyok ya shigo, akwai Baltimore da Philadelphia da Boston, akwai masu bi ta Kanada, akwai ma wajen mutum 10,000 da aka karkata zuwa Galveston a Texas daga 1907 zuwa 1914. In ta Hamburg ya taso jerinsu na can na 1850 zuwa 1934 yana nan, na Bremen ne akasari ya salwanta.

Shekarun haihuwa kam ka saki jiki, zaka ga takarda biyar da shekara huɗu daban daban. Da kalandarsu ta addini suke tuna haihuwa, "kwana biyu kafin idin kaza", kalandar Rasha kuma na bayan ta Turai da kwana 12 a ƙarni na 19, ga iyaye na ƙara wa yaro shekaru ko su rage saboda soja, wasu ma su rubuta ɗansu a gidan wanda bai da ɗa namiji tunda tilon ɗa yana samun sassauci, wanda ke nufin 'yan uwa ciki ɗaya na iya fitowa da sunan dangi daban tun daga can. Bambancin shekara biyu uku baya sa in yar da takarda, sunan uba da gari ne ke sa in karɓa ko in ƙi.

Wasiƙun da hoton

Juya hoton tukuna, masu ɗaukar hoto na lokacin suna buga sunan shagonsu da garin a baya ko a ƙasa. Wasiƙun kuma kusan tabbas Yidish ne da haruffan Ibrananci, daga dama zuwa hagu, rubutun hannun na da wuyar gaske ko ga masu jin yaren, ni kaina tura su nake. A JewishGen, shafin intanet na masu binciken asalin Yahudawa, akwai wani sashe ViewMate inda zaka sa hoton takarda 'yan sa kai su fassara kyauta, in suna da yawa ka biya mai fassara. Dan Allah kar a yar da ambulan, hatimin gidan waya yana bada gari da rana. Kan sarkin ma magana ne, bayan yarjejeniyar Riga ta 1921 an raba tsohon lardin, Pinsk da Novogrudok suka faɗa Polan, Minsk da Slutsk da Bobruisk suka zauna a Sobiyet, to wasiƙar shekarun 1920 ko 1930 da kan sarkin Polan ta riga ta yanke maka rabin taswira.

In garin ya samu sai JewishGen, akwai rumbun sunayen garuruwa da duk yadda ake rubuta su a yare uku huɗu, da jerin masu neman suna ɗaya a gari ɗaya. Takardun can iri biyu ne, littafin haihuwa da aure da mutuwa da malamin da gwamnati ta naɗa ke riƙewa, da jerin masu biyan haraji gida gida wanda na ƙarshe babba shine na 1858. Ga gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu, na wasu garuruwan sun tsira cif, na wasu yaƙi biyu da gobara sun cinye ba ko shafi, kuma sai an san garin ake iya cewa wanne ne rabonku. Ko da komai ya tsira da wuya a wuce farkon ƙarni na 19, saboda kafin dokar 1804 yawancinsu basu da sunan dangi sam, wane ɗan wane ne kawai. Gwajin DNA zai nuna wa matarka wajen kashi 12 zuwa 13 in shi kaɗai ne a kakanninta, kashi 25 in matarsa ma Bayahudiya ce wanda shi yafi yiwuwa, amma jerin 'yan uwan da zai jero dubbai ne kuma yawancinsu sun fi nisa fiye da yadda na'urar ke cewa, dan mutanen nan sun shafe ƙarnuka suna auren junansu. Wanda kuka haɗa kaso mai yawa da shi kaɗai ya cancanci saƙo.

Akwai ɓangare ɗaya da nake so ka shirya wa matarka da mahaifiyarta kafin ku buɗe. Dokar 1924 ta kusa rufe ƙofar Amurka ga mutanen gabashin Turai, duk wanda bai fito ba ya maƙale, iyaye da ƙanne mata da 'ya'yansu. Jamus ta shiga yankin a Yunin 1941, a garuruwan Belarus yawanci ba a ma kai su sansani ba, bakin rami aka kai su bayan gari aka harbe a 1941 da 1942. Ka duba ranar wasiƙa ta ƙarshe, zan yi mamaki in ta wuce 1941. Sunayen ana nemansu a rumbun Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da aka kashe wadda ke Isra'ila, da na Arolsen a Jamus, kuma garuruwa da yawa waɗanda suka tsira sun haɗu sun rubuta littafin tunawa da garin, da taswirar unguwanni da jerin matattu a ƙarshe, laburaren birnin Niyok ya sa da yawansu a intanet, cibiyar binciken tarihin Yahudawa ta YIVO da ke Manhattan kuma tana riƙe da fayilolin ƙungiyoyin 'yan gari ɗayan nan da na faɗa. A takardar shaida ta Yad Vashem ka duba ƙasan shafin, akwai suna da adireshin wanda ya cike ta da dangantakarsa da mamacin, sau da yawa ta nan ake gano cewa wani reshe ya rayu a Isra'ila ko Ajantina ko Afirka ta Kudu. Abinda ya dace yarinya ta gani a ciki ku iyaye kuka san shekarunta.

Aikin makarantar dai ba zai jira duk wannan ba, ƙidaya da dutsen kabari sun isa ta cike takardarta a sati ɗaya. In kun je maƙabartar ka ɗauko hoton dutsen gaba da baya, da na kaburburan da ke kusa da shi, da ƙofar sashen, ka haɗa da hoton ambulan ka turo, daga nan zan iya gaya maka wace kotu ko wace ma'ajiya zaka fara tuntuɓa. Ranar Asabar a rufe suke, Juma'a kuma da wuri suke tashi, Lahadi da safe ta fi.